Yoyon da Ɗan Baba Bai Nema Ba

Ranar Talata, sha biyar ga watan Afrilun 2025, jim kaɗan bayan la'asar, Allah ya karɓi ran Malam Yahaya, wanda duk Madarumfa ta sani da Ɗan Baba mai kilim, wato mai gyaran na'urar sanyaya mota. Ya rasu a asibiti a Maradi yana da shekara hamsin da takwas, aka kai shi makwancinsa washegari da hantsi. Daga Allah muka fito, wurinsa kuma za mu koma. Ni Filimon, tsohon malamin makaranta, ni na kai shi asibitin a motata, kuma tun daga ranar hankalina bai kwanta ba.

Ɗan Baba, shekara ashirin da biyu muna tare, kai Musulmi ni Kirista, ba mu taɓa sa-in-sa a kan addini ba. Ran Lahadi ba ka nemana sai an tashi daga majami'a, ni kuma ba na kai maka mota ran Juma'a. Ba ka taɓa kiran sunana ba, kullum Mushe, wato monsieur na Faransanci, kamar yadda 'yan makaranta ke kirana. Ita kuwa tsohuwar motata, wadda ta haura shekara talatin, ka sa mata suna Hajiya, wai don ba ta tafiya sai an lallashe ta.

A ƙasarmu, da kilim ɗin mota ya daina sanyi, magana ɗaya ce a bakin kowa: gaz, wato iskar da ake ɗura wa kilim, ya ƙare, a ƙara. Kai kaɗai ka ƙi wannan magana. Sau nawa na ji ka a gindin itacen bedin garejinka kana cewa, "Gaz ba isansi ba ne, mota ba ta shan shi kamar man fetur. In ya ragu, to akwai inda yake hita. A nemo yoyon tukun."

Kuma ba ka gaggawa. Ka fara duba fizibil, wato fis ɗin wuta, ka sa a kunna kilim ka kasa kunne ko kwampiresa, injin da ke tura gaz ɗin, zai ce ƙas. Ka kama bututun nan biyu da hannu, ka ji ko ɗaya ya yi sanyi ɗaya ya yi zafi. Daga nan ka kaɗa ruwan sabulu kana bin mahaɗa ɗaya bayan ɗaya, kana jiran inda kumfa zai taso. Na tuna wani ɗan kasuwar garin Ɗan Issa da aka ce masa sai ya sake kwampiresa. Ka leƙa gaban motar, ka tarar ƙaiƙayin gero da matattun fara sun toshe ragar da iska ke bi. Ka wanke ta da bokitin ruwa biyu, sanyi ya dawo, ka ce masa ya je ya gode wa rijiya.

Shekarar da matata Keziya ta kwanta ciwo, ina kai ta Maradi kowane mako a tsakiyar bazara, kai ka bar motocin mutane ka wuni a ƙarƙashin Hajiya don kada zafi ya ƙara mata wahala. Keziya ta warke, kuma har yau ba ta kammala addu'ar safe ba tare da ta ambace ka ba.

Ga abin da ke damuna. Tun bayan damina ka fara ramewa, idonka ya yi fari, kana tashi daga tsugune sai jiri ya kwashe ka. Na tambaye ka, ka ce gajiya ce. Sau uku ni da kaina na ɗauke ka zuwa wurin wani mai kantin magani aka yi maka ƙarin ruwa. Ka kwana biyu da ƙarfi, sannan ka koma yadda kake. Mu duka haka muke yi, jiki ya yi sanyi sai a ce a ƙara ruwa. Shekara ashirin da biyu ina jin karatunka a kan mota, amma ko sau ɗaya ban juyo na ce maka, Ɗan Baba, ina ƙarfin nan yake fita ba.

Sai kuma abin da ya fi ci mini rai. Mako uku kafin rasuwarka kilim ɗin Hajiya ya mutu. Na kawo maka ita ina sauri, ina da ɗaurin aure a Gabi. Ka leƙa, ka shafa wani wuri da yatsa, ka ce in bar maka ita kwana biyu. Na ce ka ƙara gaz kawai. Ka ƙi. Raina ya ɓaci, na ce tsufa ya kama ka, ka cika jan rai, a gaban mutane na faɗa. Ka dai goge hannunka da tsumma. Na wuce zuwa Ɗan Issa wani ya ɗura mata gaz, kwana goma bai cika ba ya tsiyaye. Kunya ta hana ni dawowa, na riƙa zagaye hanyar garejinka.

Ran Talatar nan da azahar ɗiyarka Zahara'u ta shigo gidana ba ko takalmi, ta ce ka faɗi a bakin aiki. Muka sa ka a kujerar baya, kanka a cinyarta. Rana ta take, kujerun kamar an ɗora su a wuta. Na kunna kilim duk da na san babu komai, sai iska mai zafi ke busowa. Mun wuce tabkin Madarumfa kaɗan na ga ta madubi ka ɗaga hannu kana taɓa iskar.

Ka ce, "Mushe, an ƙara mata gaz ko?"

Na ce, "An ƙara."

"Ya tahi ko?"

"Ya tafi."

Ka yi ɗan murmushi, ka ce, "Yoyon, bayan kwampiresa ne, inda mai ya jiƙa wurin. Tun rannan na gane shi."

Maganarka ta ƙarshe da ni ke nan. Na so in ce ka yafe mini. Sai na ce a raina bari mu isa tukuna. Da muka isa aka shige da kai ciki, ban sake ganinka da rai ba.

Lokotoro, wato likitan, ya ce gyambon ciki ne, ya daɗe yana zubar da jini kaɗan-kaɗan, da an zo da wuri da an gano shi. Na tambaye shi ko zafin mota ya ƙara maka ciwo, ya ce a'a. Na ji abin da ya faɗa, amma zuciyata ba ta karɓa ba. A wurin jana'iza da ƙanenka ya miƙe ya ce duk wanda ka saɓa wa ya yafe maka, ina tsaye daga gefe, na rasa inda zan sa kaina, domin ni ne mai neman yafiya kuma babu wanda zan roƙa.

Ran sadakar uku, matarka Saratu ta aiko Zahara'u da wani ɗan ƙunshin takarda da aka samu a aljihun rigar aikinka. Na kwance, sai ga ƙaramin zoben roba, irin wanda kake sawa a mahaɗar bututu, sabo fil. A jikin takardar, da karkataccen rubutunka, ka sa: "Na Mushe. In ya huce."

Ɗan Baba, na huce tun a hanyar Ɗan Issa, girman kai ne ya hana ni zuwa. Ka yafe mini.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Saratu da Zahara'u da sauran 'ya'yanka, da 'yan'uwanka na Safo, da duk direbobin da suka sha inuwar bedin nan. Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsare muku gida. Allah ya jiƙanka da rahama, ya gafarta maka kurakuranka, ya sanyaya makwancinka kamar yadda ka sanyaya wa bayinsa tafiya. Mu da muka rage, Allah ya ba mu ikon faɗin abin da ya kamata tun mai ji yana ji. Amin.

Hajiya tana nan a ƙofar gida, ina tuƙa ta gilashi a sauke. Zoben yana aljihuna, har yanzu ban samu wanda zan iya miƙa wa ya sa shi ba.