Zaɓen da Nimatou Ta Yi a Bayan Labule

Duk matar da aka sa wa lalle a Zongon Kwatano ta san Nimatou mai hoto. Gajeriya ce, mai saurin tafiya, da baƙar jaka a kafaɗa kamar ungozoma. Ni na san ta tun tana goye, don ni ce mai sa lalle a layinmu, uwarta kuma ƙawata ce. Ubanta direban babbar mota ne mai hawa arewa. Bai bar mata komai ba sai taurin kai da lekwal, makarantar boko, da ya sa ta, har ta iya karanta Faransanci. Ta sayar da atamfa, ta sayar da turare a kasuwar Saint-Michel, duk ba su karɓe ta ba. Sai da ƙasa ta buɗe, aka fara zaɓe, kowa ya samu bakin magana, 'yan takara suka shiga neman mai ɗaukar hoton taron mata. Ta ari kyamara. Daga ranar ba ta sake sauke ta daga wuya ba.

Abin da ya ɗaga ta shi ne ranar lalle. A wurinmu wannan rana ta mata ce zalla. Ana cire mayafi, ana cire ɗankwali, hajiyar da ba a taɓa ganin haƙorinta a titi ba sai ga ta tana rawa da kitso a waje. Namiji ba ya shiga, ko da ango ne. Nimatou kaɗai ake bari da kyamara, don an san hoton ɗakinta yake kwana.

Da hoto ya bar takarda ya koma cikin ordinata, wato kwamfuta, sai nauyi ya yi wa tsohon injinta yawa, yana nishi kamar ni a kan bene. Ana cikin haka wata mai hoto ta wata unguwa ta kai nata injin gyara, masu shagon suka kwashe abin da ke ciki. Sai ga matan mutane ba ɗankwali a wayoyin 'yan zemijan, masu haya da babur.

Hajiya Zahida, mai shigo da shinkafa, wadda ke jagorantar ƙungiyar matan Zongo, tana shirin aurar da 'yarta Labiba. Ta ce kyamara ba za ta taka gidanta ranar lalle ba. Kuma abin da Hajiya ta hana, sauran gidaje sun hana. Nimatou ta je ta durƙusa, ta ce sana'arta ke nan za ta mutu. Hajiya ta ce ba ta zargin ta, injin take zargi. Ranar da ya lalace, wa zai buɗe shi? Namiji. Ta ce in Nimatou ta nuna mata injin da za ta iya tayarwa da hannunta, to ta dawo su yi magana.

Nimatou ta kira ƙanin mijinta, Muhuyi, magidanci mai tumbi da ke kula da injunan wani ofis a Ganhi. Tsakaninsu sai tsiya, tun da aka kawo ta gidan. Ya ce abin da take bukata sarba ce: inji guda da zai zauna a kusurwa ya riƙe hotunan duka, sauran injunan gida su riƙa ɗiba daga gare shi kamar rijiyar tsakar gida, ba tare da an haɗa shi da waje ba. Ya kawo wani tsohon inji da aka daina aiki da shi. Ya ce saura a zuba masa rai, wato tsarin da zai tafiyar da shi, sunansa Linuks, kyauta ne, kuma ɗinkinsa a buɗe yake, kowa na iya juya shi ya ga ba a ɓoye komai ba. Ni dai na ce ban taɓa ganin kyautar Bature da ba ta da jela ba. Ya ce matsalar ita ce iri-iri ne, kamar shinkafa ɗaya da kowane gida ke dafawa yadda ya ga dama, dole a zaɓa.

Ranar Lahadi ya zo da faifai uku, zai shige ɗaki, Nimatou ta saki labule a fuskarsa. Ya ce injin fa wayam yake, babu hoton ko akuya a ciki.

"Na sani, ƙanen miji. Amma wanda ban iya sa shi yau kana waje ba, gobe in ya faɗi da matan mutane a ciki, kai zan kira. Zauna nan. Goggo, ki tsare min shi."

Aka ba shi kujera a baranda, ni a bakin ƙofa da mafici. Na ce to, yau ma zaɓe ne, 'yan takara uku, mai jefa ƙuri'a ɗaya a bayan ƙyalle.

Ya fara miƙa wanda ya fi so, wai shi manyan masana ke amfani da shi. Gilashin injin ya yi baƙi ƙirin, sai fararen haruffa. Nimatou na karantowa, shi yana faɗa mata abin da za ta buga, harafi harafi. Ta manta tazara guda, injin ya ƙi. Ta sake, ya ƙi. Muhuyi ya miƙa hannu zai ɗaga labule ya leƙa, na sauke masa mafici a yatsu. Faifan ya fito ta ƙarƙashin labule a guje.

Na biyu kyakkyawa ne, har na leƙa na yaba launinsa. Amma Ingilishi kawai yake ji, kuma da ta matsa wa Muhuyi da tambaya sai ya amsa cewa masu yin sa kaɗan ne, bai san wani mai amfani da shi a Kwatano ba. Ta ce ta sayar da atamfa, ta san ƙarshen zanen da babu irinsa a kasuwa: in ya yage, ba abin faci.

Na ukun Ubuntu ne, wanda ya ce ta gidan waya aka aiko masa. Yana tashi ya tambaye ta harshen da take so. Ta taɓa Faransanci, sai muka ji ta yi dariya. Ya kuma ce ta gwada shi tukun kafin ta zuba, kamar a wanke bakin zane a ga ko zai zuba. Daga nan muryar Nimatou ta ɗauke. Sai ƙarar ɓeran injin, ɗan abin nan da ake dannawa da hannu. Muhuyi ya gaji da shiru, ya ce sarbar gaske ba ta da hotuna da ɓera, waɗannan suna cin ƙarfin inji. Ta ce hoton amare zai ɗauka, ba buhun siminti ba. Ta tambaya ko ana kula da shi, ya ce wannan fitowar shekaru ake yi ana gyara ta, kuma ɗaliban jami'ar Abomey-Calavi da yawa shi suke sawa, har da mata. Ta ce ta jefa ƙuri'a.

Kafin la'asar ta zuba shi. Abin da Muhuyi ya koya mata ta bayan labule shi ne yadda za ta raba jakar hotuna ga ƙaramin injinta na ɗorawa a cinya, da yadda za ta kwafe su a wani faifan ajiya na daban. Sai ta goge komai, ta kore shi gida, ta sake yi daga farko ita kaɗai tana waƙa. Da ta gama ta fito ta rungume ni har sai da ƙashina ya yi ƙara. A daren ta kwashe hotunan matan duka ta zuba a ciki.

Hajiya Zahida ta zo ranar Alhamis da mata biyu na ƙungiya. Ba ta zauna ba. Ta dubi injin da ke kan benci, ta bi wayarsa da ido, ta sunkuya ta fizge ta daga bango.

"Haka wutar garin nan take yi. Tashe shi."

Nimatou ta mayar da waya, ta danna. Gilashin ya tsaya yana ƙirga wani abu. Ɗaya daga cikin matan ta ce ko a kira Muhuyi. Nimatou ta karanta abin da ke rubuce, ta ce a'a, duba kansa yake yi saboda an katse shi ba sallama, a ba shi lokaci. Muka tsaya. Sai ga wurin kalmar sirri. Ta sa jikinta ta kare, ta buga, ta buɗe ƙaramin injin a cinyarta, hotuna suka cika shi.

Hajiya ta ja kujera. Ta tambaya wa ya san kalmar, Nimatou ta ce babu, har mijinta. Ta yi ta duba hotunan lallen babbar 'yarta, ta tsaya a kan wani da ta buɗe baki tana guɗa, ta ce a goge wannan yanzu a gabanta. Aka goge a injin da kuma faifan ajiyar.

Ta miƙe ta gyara mayafi, ta ce lallen Labiba ranar Laraba ne bayan azahar, Nimatou ta zo da wuri, kuma in za ta ɗauki hotonta ita Hajiya, ta ɗauka daga gefen dama.