Malam Mijinyawa, Wanda Ya Rubuta wa Manoma

Daga Allah muke, gare shi za mu koma. Da hantsin Talata, 14 ga Mayu, 1985, aka aiko mini Bodinga cewa Malam Mijinyawa Dingyaɗi ya cika, bayan jinyar mako biyu.

Malam, shekara ashirin kana rubuta wa manoma takardun bayani, da boko da ajami: yadda ake zuba taki, yadda ake gyara famfo, yadda ake haɗa maganin feshi. Firamare kaɗai ka gama. Ni kuwa a 1980 na shigo ofishinmu na noma da digiri, ina jin kaina, aka ɗora ni a kanka.

Takardata ta farko ce ta kunyata ni. Na rubuta awon maganin feshi, mililita kaza a lita kaza, alhali babu mai ma'aunin nan a ƙauyen Lambara. Manoma suka kintata, albasar gona uku ta ƙone. A ofis na ce jahilcinsu ne. Ka bari sai da kowa ya fita, sannan ka ce, "Abdulrahman, in manomi ya karanta yay yi kure, kai kay yi shi, ba shi ba." Ka mayar da awon ya zama murfin kwalba biyu a bokiti guda. Daga nan na koyi al'adarka: ba ka kai rubutu ɗab'i sai ka miƙa wa manomi a kasuwar Shagari, ka koma gefe kana kallon hannunsa. Inda ya tsaya yana sosa ƙeya, nan kake gyarawa.

Bara, da aka zo rage ma'aikata, takardar makaranta aka duba. Tawa ta tsare ni, kai aka sallame ka. An nemi ra'ayina a taron da aka yanke hukuncin, na tuna bakunan da nake ciyarwa, na sunkuyar da kai. Ba ka taɓa tayar mini da zancen ba, har gyaran rubutu ka ci gaba da yi mini a zaurenka. Kullum ina cewa gobe zan nemi gafararka.

Allah ya jiƙan ka, ya haskaka makwancinka, ya sa Aljanna ce makoma. Inna Kaltume, matar Malam, da 'ya'yansa Zulaihatu da Malami, Allah ya ba ku haƙuri. Ni ne na yi shiru ranar da aka sallami Malam. Shi na makara, ku nake roƙo ku yafe mini.