Jiƙaƙƙen Buhu a Motar Dakta

Ni direba ne, ban wuce aji huɗu na firamare ba, saboda haka mai karatu ya yi haƙuri da rubutuna. Abin da zan faɗa laifina ne, da hannuna na aikata shi. Amma har yau in na tuna irin hukuncin da aka yanke a kansa, sai in ji raina ya ɓaci.

Na fi shekara ashirin ina tuƙi a gidan wani Alhaji a Nasarawa GRA, tsohon babban ma'aikacin gwamnati da ya yi ritaya ya shiga siyasa. 'Yarsa ta uku ni na riƙa kai ta firamare. Ta girma ta zama likitar yara, duk gida muka koma kiran ta Dakta. Tun lokacin da aka hana ɗaukar mata a acaɓa a Kano aka kawo adaidaita sahu, Alhaji ya ce nasa 'ya'yan ba acaɓa ba adaidaita, sai motar gida da direba. Direban kuwa ni ne.

Da ta fara aiki sai abin ya zame mata wahala. A kira ta asibiti, ni ina can na kai Alhaji taron jam'iyya. Shekara biyu tana roƙon a bar ta ta tuƙa kanta. Sai da Hajiya mahaifiyarta ta sa baki, yayyenta suka sa baki, sannan Alhaji ya yarda, da sharaɗin ranar da ta yi wa mota ɓarna, ranar za ta ajiye makulli.

Ta sayi irin motar nan mai haɗa fetur da lantarki, wadda ake kira haibirid. In an tayar da ita ba ka jin ƙara. Na riƙa ce wa mutane ni ban yarda da motar da za ta wuce ka ba ko gyaran murya ba. Gaskiyar magana kuwa ba motar na tsana ba. Ganin Dakta ta fita get ba tare da ni ba, shi ne ya tsaya mini a rai.

Wanke motocin gida aikina ne. Ranar farko ta buɗe ƙofar baya ta nuna mini wata 'yar taga mai raga a gefen kujera.

"Baba, ka ga nan? Babban batirin yana ƙarƙashin kujerar nan, ta nan yake shan iska. Akwai fanka a ciki tana jan sanyin motar. Ba ya son zafi, ba ya son ruwa. Kada a ɗora komai a wajen. In ka gama kuma ka mayar da ita inuwar maɗacin can."

Na ce, "Dakta, ni da na riƙe sitiyari tun ba a haife ki ba?"

Ta yi dariya ta ce, "Sitiyarin ne kawai iri ɗaya, Baba. Cikin ya canza."

Abu uku ta faɗa mini, na ɗauki wanda na ga dama, wato ba ya son zafi. Sauran na bar su nan inda ta tsaya.

Azumin shekarar ya faɗo a tsakiyar bazara. Zafin da ko kwalta sai ta yi laushi. In Dakta ta dawo da yamma sai in ji fankar nan tana ta gurnani a ƙarƙashin kujera. Na ce a raina, yarinya ta yi boko amma ba ta san yadda ake sanyaya abu ba. Mai goro da me yake raya goronsa a bazara? Jiƙaƙƙen buhu. Randa ma in ana son ruwanta ya yi sanyi, tsumma ake jiƙawa a naɗa mata. Abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.

Na karɓo tsohon buhun algarara wajen mai goron bakin masallaci, na yanki gefe. Kullum da safe in jiƙa shi sharkaf in cusa a bakin tagar nan, can ƙasa inda ba za ta gani ba. Ranar da zafi ya yi tsanani har ragowar ƙanƙarar sahur nake naɗewa a ciki. Ina jiran ranar da za ta ce motar ta ƙara lafiya, ni kuma in zaro buhuna in nuna mata.

Kusan sati biyu ina yi. Wata rana da tsakar rana an kira ta asibiti, motar ta kunna jajayen fitilu ta tsaya cak a wajen Giginyu. Ta kulle ta, ta tari adaidaita, ta yi mini waya in je in sa a janyo ta. Da na isa da ɗayan makullin da ke gida, abin da na fara yi shi ne buɗe ƙofar baya, na zare buhun na jefa a kwata. Kada wani ya ce ban san abin da na yi ba. In ban sani ba, me ya sa na jefar?

Muka kai ta garejin wani makanike a Badawa, Kirista ne mutumin Zariya, ana kiran sa Injiniya. Ya ɗaga kujera, ya ciro fankar ta cushe da zare, ƙasan kuma ruwa ya kwanta har ya fara tsatsa.

"Baba direba, wa ya yi wa motar nan wanka ta ciki? Ka ga wannan, zaren buhu ne. Ko goro Dakta ta fara sarowa daga kasuwar Ujile?"

Na ce ban sani ba. Ya dube ni, sannan ya ce za ta gyaru, amma wani sashe na batirin ya ƙone.

Bayan la'asar Alhaji yana zaune a baranda da abokansa na siyasa. Ɗaya ya ce ai dama mace da mota sai a hankali. Wani ya ce tasa 'yar ko keke ba ta taɓa ba, kuma ga ta nan lafiya. Alhaji ya juyo gare ni.

"Malam, kai ka san mota. Me ka gani?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, irin waɗannan motoci sai da kula."

Ban yi ƙarya ba, amma abin da na yi ya fi ƙarya muni, kuma da azumi a bakina. Nan take Alhaji ya aika aka karɓo makullin, da motar ta dawo daga gyara aka danƙa mini.

Abin da ke ƙona mini rai ke nan. Mutanen nan su ne a sahun gaba lokacin da ake neman a kafa shari'a. Su ne in zaɓe ya zo suke bi unguwa-unguwa suna cewa kowa a ji ta bakinsa. Amma a barandar nan ba wanda ya ce a kira makanike, ba wanda ya ce a kira yarinyar a tambaye ta. Shaida ɗaya aka nema, aka kuma nemi ta mai laifin.

Kwana tara ina kai ta ina ɗauko ta. Ta zauna a baya, daidai gefen tagar nan, ba ta ce mini komai sai, "Baba, ƙara sanyin motar, batirin yana buƙata." Ranar da na kai Alhaji wata ta'aziyya a Bichi, an kira ta asibiti, ta yi ta jira a falo ga motarta a inuwa tana kallo, ba halin taɓawa. Abin da na so ke nan, a dawo a neme ni. Na samu, amma ko ruwan buɗa-baki ba ya wuce mini da daɗi. Tun ina makarantar allo na san ɓoye shaida zunubi ne.

A goman ƙarshe na je na durƙusa gaban Alhaji na faɗi komai, har jefa buhun a kwata. Na zaci kora. Sai ya fashe da dariya har da tari.

"Buhun goro! Har da ƙanƙara? Kai Malam, Allah ya shirye ka! Ai niyyarka mai kyau ce. Tashi, ya wuce."

Na ce, "To makullin Dakta fa, ranka ya daɗe?"

Fuskarsa ta canza. "Wannan maganar an gama ta. Ni ba na magana biyu."

Ni da na yi ɓarnar, na ɓoye, na bari aka zalunci wata, an yafe mini kafin in rufe baki, har na zama abin ba da labari a baranda. Ita da ba ta yi komai ba, hukuncinta yana nan daram.

Na same ta a ƙofar kicin na roƙi gafara. Ta ce, "Baba, ai na sani. Injiniya ya nuna mini zaren tun ranar. Wa ke wanke motar in ba kai ba?"

"To me ya hana ki faɗa?"

"In faɗa a ce yarinya ta ɗora wa dattijo laifi don ta tsira? Ko a kore ka cikin azumi? Na yafe maka. Amma ka daɗe."

Washegari da safe na ajiye makullin a kan teburin Alhaji. Na ce duk motar da ke gidan nan zan tuƙa, ko'ina ya aike ni zan je, amma wannan ba zan ƙara tuƙa ta ba, in ya ga dama ya sallame ni. Ya ce in fita in ba shi wuri.

Kwana huɗu makullin yana kan tebur, Alhaji kuma bai ce in kai ta a wata motar ba. Dakta ta riƙa fita da farar rigarta a hannu, ta tsaya bakin titi cikin rana tana jiran adaidaita, a unguwar da adaidaita ba ya yawan shiga. A rana ta huɗu wani maƙwabci ya tsaya da motarsa, ya tambaye ta ko lafiya, ya kuma tambayi Alhaji a masallaci ko wani abu ya samu gidan ne.

Da yamma Alhaji ya ba Hajiya makullin ya ce ta kai mata. Bai kira ta ba, bai ce an zalunce ta ba, har yau kuma bai ce ba. Gaskiyata ba ta dawo mata da motarta ba, kunyar maƙwabta ce ta dawo da ita. Da safe na buɗe mata get, ta fita.