Baba Ilu, Wanda Ya Raba Inna da Hayaƙi

Ranar Talata, 14 ga Nuwamba, 2000, saura mako biyu a kama azumi, ina cikin aji ina koyarwa aka leƙo aka ce ana kirana. Yayana Abdulbaƙi na tarar a bakin ƙofa. Ya ce Allah ya yi wa Baba Ilu magini na Madabo rasuwa da hantsi, bayan jinyar kwana biyu kacal. Wanda ya ba mu aronka ya karɓi abinsa, Baba, kuma gare shi dukanmu za mu koma.

Wanda bai san ka ba zai ce wani tsohon magini ne ya tafi. Shekara arba'in ka yi kana gina tanderun gurasa, da murhu, da gadon ƙasa na masu jego wanda ake zuba garwashi a ƙarƙashinsa. Ba ka da shago, kayan aikinka hannu biyu ne da wata tsohuwar fartanya. Kuma kana da faɗa. Wannan ba zan ɓoye shi don ka rasu ba, domin faɗan naka ya fi lallashin wasu amfani.

Gidanmu na Koki gidan gurasa ne tun daga kakar mahaifiyarmu. Da gurasar nan mahaifiyarmu Inna Indo ta riƙe mu bayan rasuwar mahaifinmu, da ita na yi karatu har na zama malama. Tanderun yana cikin wani ɗan ɗaki mai ƙofa ɗaya, bangonsa ya yi baƙi ƙirin, kuma tun da na yi wayo ban taɓa ganin Inna ta fito daga cikinsa ba hawaye a idonta ba. A damunar bara tari ya kama ta ya ƙi saki. Likita ya gaya mana gaskiya: ko ta bar hayaƙi, ko hayaƙi ya ƙarasa ta. Wata biyu tanderun yana kwance ba wuta. Tarin ya ɗan lafa, amma Inna ta daina hira, ta daina cin abin kirki, sai ta zauna ta zuba wa ƙofar ɗakin ido. Wallahi wannan shirun ya fi tarin ba ni tsoro.

Shekarar ce sojoji suka koma bariki, kowa a gari bakinsa sabon abu, tsohon abu ya zama abin kunya. Abdulbaƙi ya shigo da takarda mai hotunan na'urorin gashi. Ta gas kuɗinta ya kai na babur. Ta lantarki da ɗan sauƙi, sai dai wutar tana zuwa ne ranar da ta ga dama. Muka aro ta wata maƙwabciya muka gwada. Abin da ya fito ba gurasa ba ne, ba kuma burodi ba. Inna ta gutsura ta ce a ba akuya, akuyar ma ta shinshina ta wuce. Gurasa sai ta manne a jikin yumɓu mai zafi take zama gurasa.

Ana nan ka biyo duba ta wata Juma'a bayan an sauko masallaci. Ka shiga ɗakin ka daɗe, ka fito hularka duk baƙin hayaƙi.

Ka ce, "Indo, ba tanderun ne ya cuce ki ba. Hayaƙin ne ba a ba shi ƙofa ba, shi ya sa yake bi ta ƙirjinki. Na sha fitar da shi daga ƙarƙashin gadon mai jego ta bayan ɗaki, na gurasa ba zai gagare ni ba."

Abdulbaƙi ya tambayi abin da aikin zai ci. Ka ce kuɗin yumɓu, da na jakin da zai kawo shi, da fallen kwano ɗaya. Ladan hannunka kuma gurasa biyu duk Juma'a.

Ina tsaye ka yi aikin. Ka kafa sabon tanderu, ka kewaye shi da toka da fasassun tukwane don ya riƙe zafi. Ka huda masa ƙofar iska a ƙasa. Ta bayansa ka yi wa hayaƙi hanya, ta bi ƙarƙashin wani dakali na ƙasa, ta hau bututun da ka naɗe da kwanon, ta ɓulla saman rufi. Da ka wanke hannu sai ka kafa doka: kwana bakwai yana bushewa ba mai taɓa shi, sannan kwana uku ana sa masa 'yar ƙaramar wuta, domin a faɗarka tanderu ma koya masa wuta ake yi.

A kwana na huɗu aka aiko daga wani gidan biki da suka saba saye a wurinmu, sun ji an ce Indo ta dawo. Inna ba ta taɓa mayar da ɗan aike hannu wofi ba. Ta shafa bayan tanderun ta ji shi a bushe, ta ce ai ita ta fi shekara talatin a bakin wuta. Ni na ɗauko mata damin karan, ban manta ba. Wutar ba ta gama kamawa ba muka ji ƙas. Tsaga ce tun daga baki har gindi.

Da ka zo ka bi tsagar da yatsa, ka ce, "Indo, bayansa kika taɓa. Cikinsa kin tambaye shi?" Daga nan ka buɗe faɗa wanda har lungun baya sai da suka ji. Abdulbaƙi ya ce a liƙe mana, zai fi sauƙi. Ka ce liƙi wata uku zai yi ya buɗe, hayaƙin ya koma inda ya saba, kai kuma ba ka zo yin kwalliya ba. Ka tattare wando ka rushe aikinka da hannunka, ka sake daga farko. Wannan karon ka toshe bakin tanderun da ɗanyar ƙasa, ka dangwala babban yatsanka a kai kamar mai jefa ƙuri'a, ka ce duk wanda ya fasa kafin kwanansa ya nemi wani maginin.

Ranar da aka sa babbar wuta, hayaƙi ya miƙe ta saman rufinmu, har maƙwabta suka shigo da bokitai suna zaton gobara ce. Suka tarar da Inna a bakin tanderu tana liƙa ƙullu, idonta garau, tana dariya. Kai kuma kana gefe ka juya baya kana gyara hula, amma na ga hawayenka. Rabin karan da muka saba ƙonawa ya ishe mu. Da sanyi ya shigo, dakalin nan mai ɗumi ya zama wurin zaman Inna, a kansa ƙullu yake tashi, a kansa ruwan alwalarta yake kwana. Da muka koma asibiti likita ya saurari ƙirjinta ya ce madalla da ta bar sana'ar. Inna ta buɗe jaka ta miƙa masa gurasa mai zafi.

Daga nan mata suka yi ta zuwa kallo, daga Madabo, daga Gwammaja, daga nan Koki. Kafin ka rasu gida ashirin da shida ka fitar wa hayaƙi.

Tanderun ƙarshe shi ne na wata Tani a Gwammaja, wanda ka toshe bakinsa kwana huɗu kafin rasuwarka. A wurin zaman makoki Inna ta ji ana cewa azumi ya matso, mai dokar kuma ya tafi, gobe za a fasa bakin tanderun Tani a sa wuta. Washegari da sassafe ta ɗauki tabarmarta ta tafi Gwammaja, ta shimfiɗa a gaban tanderun.

Ta ce, "Tani, ni na taɓa karya maganar mutumin nan, na ga abin da na gani. Ga yatsansa nan. Ba mai taɓa shi sai kwanansa sun cika."

Kullum can take wuni. Da kwana bakwai suka cika ita ta fasa ƙasar da hannunta, ta adana gutsuren da yatsanka yake jiki. Ita ta yi kwana uku tana koya masa wuta, kara ɗaya bayan ɗaya. Ranar addu'ar bakwai ɗinka aka gasa gurasar farko, tanderun ko 'yar ƙaramar tsaga bai yi ba. Inna da Tani suka ɗauko ta a faifai har Madabo, suka ajiye a gaban iyalinka da zafinta.

Ina miƙa ta'aziyyata da ta gidanmu ga uwargidanka Baba Jummai, da 'ya'yanka Shehu da Binta, da jikoki, da duk matan da suke gashi yau ba tari. Allah ya ba ku haƙuri mai kyau. Baba Jummai, Inna ta ce in gaya miki gurasa biyun nan na Juma'a ba za su yanke ba muddin tana numfashi.

Allah ya jiƙanka, Baba Ilu, ya yafe maka kurakuranka, ya yalwata makwancinka, ya sanyaya shi. Yadda ka tsaya tsakanin Inna da hayaƙi, Allah ya tsaya tsakaninka da wuta, kada ko ƙaurinta ya iso gare ka. Amin.

Bahijja Ado, Koki, Kano