Motar Kawu da Kwaryar Hajiya

Shekarar da kasuwa ta buɗe wa Kawu a Utako, sai ya sayo wata jar mota mai ƙofa biyu, irin ta tsere. Cikinta ya kusa taɓa ƙasa, ko ƙadangare sai ya sunkuya kafin ya wuce. Shokozobanta kuwa tauri kamar turmi. In ta taka ƙwayar gero, sai na ji a haƙorana.

"Taurin ne ke riƙe ta a kwana, 'yar nan," in ji Kawu. "Ke me kika sani?"

Gaskiyarsa ne. A manyan titunan Abuja tana shan kwana kamar an liƙe ta da kwalta.

Sai kakata Hajiya, mahaifiyarsa, ta zo daga Zariya don ganin likitan baya a Gwagwalada duk mako. Muka ɗauko ta a tashar Jabi, ni a naɗe a baya kamar tabarma, ita a gaba da kwaryar fura a cinya. Tudun rage gudu na farko, fura ta tashi sama, ta sauko kan sabuwar shaddar Kawu.

"Tsaya!" in ji Hajiya. "Magani na zo nema, ba sussuka ba. In wannan ce motar, gobe ina Zariya, likitan ya riƙe maganinsa."

Hajiya ba ta magana biyu. Da sassafe Kawu ya ja ni wurin bakanike.

"Oga, ka zaɓa," in ji bakaniken da gurguwar Hausarsa. "In na sa sifirin mai laushi, na ɗaga shi, Mama zai ji daɗi. Amma a kwana zai yi rawa kamar kwalekwale. Ba gudu kuma."

Kawu ya zagaya motar sau uku, yana shafa ta kamar ragon da za a yanka.

"Sa mai laushin."

Hajiya ta yarda a gwada, amma ta cika kwaryar fal da gangan. Muka kama hanyar Gwagwalada, motar tana lilo a hankali. Tudu na farko, fura ta girgiza, ta koma ta kwanta. Kafin na uku, Hajiya ta fara minshari.

Wata tsohuwar bas mai ɗauke da doya ta wuce mu, kwandasta yana ɗaga mana hannu.

"Kawu, doya ta wuce ka!"

Ya kalli bas ɗin, ya haɗiye yawu, ya ƙara sassauta ƙafa.

"Rufe mini baki, ja'ira. Kar ki tashe ta."