Littafin kalmomin Baba da direban Maraɗi

"Kwana uku kawai, Yaya, zan dawo miki da shi." Haka ƙanena Sanusi ya ce ranar da ya ɗauki littafin da marigayi Babanmu ya cika da baƙin kalmomin Turanci da hannunsa. Yau wata biyar.

Duk Lahadi nakan tsaya a tashar Magama in ba Malam Isufu kalma ɗaya daga littafin. Dattijon direba ne ɗan Maraɗi, Faransanci ya karanta, amma yana son kalmomin nan kamar goro. Tun da littafin ya tafi, da ka nake ba shi.

Jiya na ba shi petrichor, wato ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko.

Ya ce, "Ashe har suna gare shi. Maiɗakina, Allah jiƙanta, tana son wanga ƙamshi." Ya goge ido. "Malama, Lahadi mai zuwa ita ce zuwana na ƙarshe, idona ya bar ganin hanya. Ki zo min da littahin tsohonki, in riƙe shi ko sau guda."

Sanusi, na san kana karantawa. Na ba ka zuwa la'asar ɗin Asabar. In ban gan shi ba, zan zo gidanka in zazzage akwatunanka a gaban matarka, sannan in manna hotonka a shafin nan da kalmar da ta dace da kai.

Jama'a, wace kalma zan ba Malam Isufu ta bankwana?