Hannun Verna a Madubi

Duk shekara, da sanyi ya fara cizo a arewa, mu tsofaffi mukan gangaro hamadar Arizona, kowa da gidansa a bayan mota, mu baje a filin gwamnati har tsakiyar Afrilu. Shekara goma sha ɗaya ina maƙwabtaka da Verna Tinsley a filin nan, amma sai bayan ta mutu na ji cewa ta taɓa koyarwa a firamare. Ba ta da yawan magana. Mijinta Orval ya riga ya cinye rabon su biyun.

Gidansu irin ɗakin nan ne da ake ɗorawa a bayan a-kori-kura, mai rufin da ake murɗawa ya tashi, gefensa tamfol. Da sun iso sai Orval ya sauko da ƙafafun ƙarfe huɗu, ya ɗaga ɗakin, ya zare motar daga ƙarƙashi, ya zaunar da shi kan bulo da katako don kada ƙasan ya lotsa. Ba zan ci haƙƙinsa ba, ya iya aiki, tsohon mai walda ne. Sai dai daga ranar motar ta zama tasa shi kaɗai. Kullum da safe zai tafi gari wajen abokan karta, ya bar Verna cikin akwati a tsakiyar duwatsu, mil ashirin daga shago mafi kusa. Ba ta iya tuƙi ba, domin bai taɓa bari ta koya ba.

Sauke ɗaki ba wuya. Mayar da shi ne aiki. Sai an ɗaga shi can sama a kan ƙafafun nan sirara, yana rangaji, sannan a shigo da motar da baya, kuma ratar da ke kowane gefe ba ta wuce yatsu biyu ba. Direba ba ya ganin komai sai wanda ya tsaya masa inda madubi zai kama shi. Shi ya sa a filinmu, ranar da wani zai ɗora ɗakinsa, maƙwabta kan fito da kujeru da kofi su sha kallon faɗan miji da mata. Na gidan Tinsley kuwa ba a bari ya wuce.

"Ke! Hagu kike nufi ko ƙuda kike kora?"

"Dama kaɗan, Orval."

"To ɗaga hannun mana, ko ɗaure miki shi aka yi? Jama'a ku ga abin da na aura. Wallahi da turke na kafa a wurin da ya fi ta amfani."

Mu yi ta dariya, har da ni. Motar ta shige tsaf a karo ɗaya, ya fito yana rusuna mana kamar wanda ya ci gasa, ita kuma ta tafi naɗe igiyar shanya.

A watan Fabrairun bara ta mutu, da rana tsaka, yana gari. Ni na same ta da na ga ba ta zo shan kofi ba. Tana zaune a bakin gado, tukunyar wake ta ƙone a kan risho. A wajen jana'iza abin da ya iya faɗa a kanta shi ne ba ta taɓa ba shi wahala ba.

Afrilu ya zo da zafinsa, jami'in filin ya zaga yana tuna mana cewa ranar sha biyar kowa ya tattara. Wuyan Orval ya riga ya sandare, idon ma sai a hankali. Hollis, maƙwabcinmu na ɗaya gefen, mutumin kirki, ya je ya ce zai tsaya masa.

"Kai ka tsaya mini? Shekara talatin ina shigar da motar nan da hannuna. Matar nan tsayuwa kawai take yi."

Hollis ya koma ya ɗauko kujerarsa. Mu ma muka ɗauko namu.

Karo na farko ya karkace. Na biyu ya fi muni. Ya fita ya dawo, ya fita ya dawo, gumi ya jiƙa masa riga, iska ta taso tana kaɗa ɗakin a sama. A karo na shida ya leƙo ta taga ya daka tsawa:

"Ke kurma ce? Na ce wane gefe..."

Babu kowa a inda Verna ta saba tsayawa. Ya daɗe yana kallon madubin. Sannan ya juyo wajenmu, ya ce a hankali, "Dolores, don Allah."

Ranar ya fara kiran sunana. Shekara goma sha ɗaya ni ce "bazawarar can." Daga inda nake ina ganin inda tayar ta dosa, na kuma san yatsa ɗaya zan ɗaga ya gyara. Na riƙe kofina da hannu biyu.

Ya taka motar. Bayan motar ya daki ƙafar ɗakin ta gaba, ƙarfen ya lanƙwashe, ɗakin ya durƙusa kamar tsohuwar saniya, sannan ya kife ta gefe. Bango ya tsage, ƙofa ta ɓalle, kwanuka da barguna da takalman Verna suka watse a ƙasa. Ba shi da wani gida a duniya sai wannan, kuma duk mun sani. Daɗi na ji, ba kuma zan yi ƙarya in ce daga baya ya wuce ba.

Washegari na ɗora nawa ɗakin, Hollis ya tsaya mini. Da na zo wucewa Orval yana zaune a inuwar motarsa, yana ɗago mini hannu. Ban san ko sallama yake yi ko roƙo ba, ban kuwa taka birki ba.